Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Maganar Motocin Da Ke Girgiza Da Shanunmu



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin direbobin da muke ɗauka haya tsakanin Parakou da Djougou, da ma sauran hanyoyin da muke bi, wadda muke ganin lokaci ya yi da za mu daina karɓarta. Da zarar mota ta bar gari ta sami kwalta mai kyau, direba ya taka ta, sai ka ji gaba ɗayanta ta ɗauki kyarma kamar mai zazzaɓin damina, madubi yana rawa, ƙofa tana ƙara, sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannu. In ka yi magana sai a ce maka, "Alhaji kwantar da hankalinka, ai haka take, tsufa ne." To mu dai a namu ra'ayin wannan ba amsa ba ce. Tsufa ba ya girgiza mota. Abin da ke girgiza ta wani ƙarfe ne ko wata taya da ta lalace, abin yana da suna, yana da mazauni a jikin motar, kuma ana iya gano shi tun kafin a ɗora ko saniya ɗaya.

Sanin kowa ne motocin da ke ɗaukar mana kaya ba sababbi ba ne, kuma ba gobe za su zama sababbi ba. Yawancinsu sun gama aikinsu a Turai kafin su sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su Berliet, su Mercedes, su DAF, har zuwa 'yan kanta da ke jigilar ƙauyuka. Waɗanda suka manyanta cikinmu ba su manta watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi, kayan gyara da tayoyi suka yi tashin gwauron zabo, masu motoci suka ƙara rungumar taya 'yar gwanjo da ƙarfen da aka ciro daga mushen wata motar. Wannan ɗabi'a ta zauna. Saboda haka ba mu ce a jira sabuwar mota ba, wanda ya ce zai jira, shanunsa za su tsufa a turke. Cewa muke tsohuwar ma tana iya tafiya lami lafiya idan an san inda ke yi mata ciwo.

Me ya sa abin ya fi damunmu fiye da mai buhunan masara ko mai siminti? Domin buhu ba ya gajiya, ba ya faɗuwa a tattake shi. Saniya a tsaye take yin tafiyar nan, ƙahonta a ɗaure, ƙafafunta a kan yashin da aka zuba a bodi, kuma duk wata jijjiga da motar ta yi a gwiwarta take ƙarewa. Daga Djougou zuwa Parakou kilomita 130 ne da ɗoriya, daga Parakou zuwa Kwatano kuma 400 da 'yan kai. Wanda ya loda a Kolokondé yana nufin kasuwannin kudu, ko ya ɗauko daga Gogounou zai fita ta Nikki da Chikanda ya nufi Ilesha Baruba, ya san awoyin da dabbar nan za ta yi ana kaɗa ta. Wadda ta fi rauni ita ke fara durƙusawa, kuma saniyar da ta durƙusa cikin 30 ba ta tashi da kanta. In yara sun farga da wuri a sa mata wuƙa a sayar wa mahautan hanya da kuɗin da suka ga dama, in ba su farga ba ta zama mushe, uwar kuɗi da riba sun tafi tare. Waɗanda suka isa da rai ma mahauci yana ganin tabo a jikinsu ya rage farashi. Ba a ma maganar yaran da ke zaune a saman sanduna, 'ya'yan mutane da aka ba mu amana. A zamanin da kakanninmu ke ratsa Zugu da ayari suna nufin Gwanja sayen goro, madugu ba ya tashi sai ya duba kowane jaki da mangalarsa. Jakin ne ya koma mota, dubawar ba ta faɗi ba.

To yaya ake gane inda ciwon yake? Ba mu ce kowane falke ya zama bakanike ba. Amma yadda muke duban sa mu ce wannan ɗingishin na kofato ne, wancan na kafaɗa ne, haka mota take nuna nata, in dai mutum ya zauna a gaba ya natsu, ya bar hira.

Abin lura na farko shi ne, a ina kake jin girgizar? Idan sitiyari ne ke rawa a hannun direba, yana kaɗawa hagu da dama, to a nemi laifin a ƙafafun gaba. Idan kuwa sitiyari yana nan lafiya amma kujera da ƙasan motar ne ke karkarwa, har kana ji a bayanka da tafin ƙafarka, to ciwon yana baya, ko tayoyin baya ko farfela. Wannan kaɗai ya raba motar biyu, ya rage rabin wahala.

Sai kuma abin da girgizar ke bi: gudun mota take bi ko gudun injin? Ga yadda ake gwadawa, kuma ba da shanu a ciki ake yi ba. A tsaye, mota tana firi, birki a ja, a taka totur a hankali har injin ya ɗaga murya. In ta girgiza a tsaye, to taya ba ta da laifi tunda ba ta juya ba, sai a duba robobin da injin ke zaune a kansu, da nozul, da fanka wadda ƙila fiffikenta ɗaya ya karye. In ba ta girgiza a tsaye ba sai a hau hanya. A kai ta gudun da take fara rawar, a duba maleji a riƙe lambar, sannan a canza giya a sake komawa wannan gudun. Injin ya canza murya amma girgizar tana nan yadda take a daidai lambar nan? To ba injin ba ne, wani abu ne da ke juyawa tare da ƙafafu.

A nan ne muke so 'yan uwa su ɗan yi haƙuri da lissafi, domin shi ke warware gardamar da muka saba yi da direbobi. Babbar tayar tirela, irin mai lamba 315/80R22.5, zagaye ɗaya da ta yi tana cin ƙasa mita 3 da ɗan ƙari. A gudun kilomita 80 tana juyawa kusan sau 7 kowane daƙiƙa. Yanzu a ce gefe ɗaya na tayar ya fi sauran nauyi, ko don an yi mata babban faci, ko busasshen laka ya manne a cikin rim, ko dalmar da aka maƙala don daidaita ta ta faɗi. Duk zagaye sai wannan nauyin ya fizgi ƙafar sama ya buga ta ƙasa. Kuma ƙarfin fizgar ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ya fi gudun saurin ƙaruwa: in ka ninka gudu sau 2, fizgar ta ninku sau 4. Abin da ba ka ji ba a 40 cikin garin Parakou, shi ne ke neman tsinke maka haƙora a 80. Wannan ne ya sa wasu ke cewa wai motar ta fi son gargada, ba ta son kwalta. A gargada ba a gudu, kuma ramuka sun rufe muryar ciwon, shi ke nan.

Daga nan ne wata muguwar dabara ta samo asali, wadda muke roƙon kowane falke ya tsaya tsayin daka a kanta. Direba ya lura motar tana rawa tsakanin 70 da 80, in ya wuce nan sai ta lafa, don haka sai ya ce, "Maigida bari in wuce wurin." Gaskiya ne tana lafawa. Amma ku dubi mace ɗauke da ƙwaryar ruwa a ka: akwai takun da in ta yi ya dace da tangal-tangal ɗin ruwan sai ya yi ta zuba, in ta ƙara sauri ko ta rage sai ya natsu. Haka sifirin mota yake, akwai gudun da yake amsa wa bugun taya, in an wuce shi sai ya daina amsawa. Bugun kuwa bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi, boris da noti ne ke shanye shi a ɓoye. Wanda ya wuce wurin da shanu 30 a bayansa ya ƙara wa ciwon ƙarfi ne, ya kuma ƙara nisan da zai ci kafin birki ya tsayar da shi.

Taya ita ce ta fi kowa laifi a wannan sha'ani, kuma ita ce mafi sauƙin dubawa. A ɗaga ƙafar da jak, a sa katako mai ƙarfi a ƙarƙashin aksul, kada wanda ya amince wa jak shi kaɗai. A ajiye dutse ko a riƙe alli daf da tayar, a juya ta da hannu. In tana matsowa tana janyewa, ko dai rim ya lanƙwashe a wani rami, ko tayar ba ta zauna daidai ba, ko wayoyin cikinta sun rabu ta yi ƙari. A shafa ta da tafin hannu kamar yadda muke shafa haƙarƙarin sa, ƙarin da ido bai gani ba hannu zai ji shi. Taya mai ƙari ba ta gyaruwa, ranar fashewa kawai take jira, kuma in a gaba take, ranar ba ta zuwa da daɗi. A leƙa tsakanin tagwayen tayoyin baya, sau da yawa dutse ne ya maƙale a ciki, ko an haɗa doguwa da gajera, ɗaya na ɗauke da kayan biyu. A duba lambar jikinsu, mai harafin R a tsakiya kamar 12.00R20 daban take da 12.00-20, ba a haɗa su a aksul ɗaya. In har yanzu ana kokwanto, a cire ta gaban a sa safaya a sake gwadawa, in rawar ta canza an kama ɓarawo.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba, alhali yana rubuce a fili: taya tana ɗauke da shekarunta a jikinta. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, guda 4 na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2314, sati na 23 ke nan a shekarar 2014. In lambobin guda 3 ne, to an yi ta tun kafin shekarar 2000, ta girmi yaron motar. Kamfanin Michelin da kansa yana ba masu ƙananan motoci shawarar su cire taya in ta shekara 10 ko da zanenta bai cinye ba. Mu da ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun ƙidaya haƙora, bai kamata a ruɗe mu da tayar da aka goge da baƙin mai, aka zana mata sabon zane da wuƙa ba.

Girgiza ɗaya ce muka sani ta taya wadda ba ta da haɗari sosai, ita ce ta motar da ta daɗe a tsaye wuri ɗaya har gindin tayar ya ɗan baje. Wannan da safe take, in taya ta ɗauki zafi bayan 'yan kilomitoci sai ta tafi. In ba ta tafi ba, to ba ita ba ce.

Tun ƙafar tana sama sai a gama da ita. A sa dogon ƙarfe a ƙarƙashin tayar a ɗaga, ko a kama sama da ƙasa a jijjiga. In tana wasa, yaro ya taka birki a sake jijjigawa: wasan ya ɓace, boris ne, wasan yana nan, kimfin ne. A kama gaba da baya a kaɗa, in tana motsi sitiyari bai motsa ba, to tayarod ko mahaɗan sitiyari sun cinye. Irin wannan ciwon shi ne wanda mota ke tafiya lafiya, sai ta faɗa rami ɗaya, gaba ya ɗauki rawa kamar mai bori, ba ya tsayawa sai an rage gudu sosai. Motar da ke yin haka ko kyauta aka ba ka kada ka loda. A duba notocin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Jan tsatsa da ya zubo daga gindin noti kamar hawaye alama ce yana motsi. Kuma a tuna wasu motocin Japan, irin su kanta, notocin gefen hagunsu a baibai suke ɗauruwa, yaron da bai sani ba yana iya kwancewa yana zaton ɗaurewa yake.

Farfela tata muryar daban ce. Tana juyawa sau 3 ko 4 ko fiye kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka ba ta kaɗa mota, gurnani take yi mai laushi daga ƙasa, wanda ke sa ƙafa ta yi sanyi, kuma yana canzawa in an taka totur ko an saki. A kashe injin, a tare tayoyi da duwatsu, a shiga a kama ta a murɗa. In kuros yana ƙwas-ƙwas, ko jan gari yana fita daga bakinsa, giris ya ƙare masa tuntuni. A duba boris ɗin tsakiya da robarsa. Idan kuma gurnanin ya fara ne bayan an sauke giya ko an canza kuloci, to mai yiwuwa wanda ya mayar da farfelar bai mayar da ita yadda ya same ta ba, shi ya sa bakanike na ƙwarai yake yi mata alama da fenti kafin ya kwance. Kada a raina wannan. Farfelar da ta tsinke ta gaba tana caka ƙasa, tana iya tsinke bututun iskar birki a lokacin da aka fi bukatarsa.

Wadda ba ta zuwa sai an taka birki kuwa, wannan durom ne ya daina zama zagayayye. Wadda ke zuwa sai an loda, a duba sifirin ko ganye ɗaya ya karye, da ƙusoshin da suka ɗaure shi da aksul.

Duk wannan bai fi aikin awa ɗaya ba, kuma ba ya bukatar na'ura. Abin da ke cin kuɗi shi ne gyaran kirdado, a canza wannan a gani, a canza wancan a gani, mai mota ya sayi shokazoba, ya sayi boris, ya kai alaimen, rawar tana nan, daga ƙarshe ya gaji ya ce tsufa ne. Ashe laka ce cikin rim. Ita ma takardar bizit ta hukumar CNSR da ake nuna mana tana da amfaninta, amma shaida ce ta ranar da aka duba motar, ba ta san ramin da aka faɗa jiya ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce kasuwa ba ta jira, musamman in Babbar Sallah ta gabato, kuma lokacin kwasar auduga motoci masu lafiya duk sun tafi can, abin da ya rage a tasha shi za ka ɗauka ko ka kwana kana sayen harawa. Wannan gaskiya ne. Za su ce kuma direba ba shi ne mai mota ba, in ya ce a sayi taya sai a ce ya kawo makulli. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba mu ga amfanin yi wa direba tsawa ba, shi ne ma na farko da zai mutu in gaba ya fashe. Tun ƙarshen 2019 da gwamnatin Benin ta sanar da hana garkunan ƙetare shigowa kiwo, da kuma 2023 da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar, duk wanda ke wannan sana'a ya ga yadda hanyoyi suka ƙara tsawo, zagaye ya yi yawa, bukatar mota ta ƙaru. Amma kwana ɗaya na harawa nawa ne, bajimi ɗaya nawa ne? Akwai kuma waɗanda ke cusa shanu har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya, su ɗora tumaki da buhuna a sama, sannan su ce wa direba lallai a yi asuba a Kwatano. Waɗannan ba su da bakin kukan girgiza. Dokar ƙasashen UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane aksul zai ɗauka, kuma ko babu jandarma a hanya, sifirin yana da tasa dokar.

Falke ɗaya ba zai iya ƙin mota shi kaɗai ba, domin yana juya baya wani zai loda ta. Sai ƙungiya. Shawararmu ita ce a kowace kara da muke lodi, Tourou ne ko Kolokondé ko Gogounou, shugabanni su zauna da 'yan kamasho da wakilan direbobi a tsayar da bakanike ɗaya da aka yarda da amanarsa, a riƙa fitar da ladansa daga kuɗin kamasho, kada ya ci daga hannun mai mota. Shi zai ɗaga ƙafafu ya duba, ya hau motar babu kaya ya kai ta gudun hanya ya dawo. A ajiye littafi a rubuta lambar kowace mota da abin da aka gani. Kuma kafin a zuba yashi a bodi, a faɗa a gaban shaidu wa zai ɗauki asara in dabba ta mutu saboda lalacewar da mai mota ya sani ya ɓoye, tunda malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibi a ciniki bai halatta ba, a saniya ne ko a abin hawa. Mai motar da ya san za a rubuta sunan motarsa a littafi zai sami kuɗin taya.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowa zai iya farawa a lodinsa na gaba. Wanda ya tashi daga Tourou ya nufi Djougou ya sa direba ya tsaya a Bétérou, wajen gadar kogin Ouémé, wanda ya taso daga Djougou kuma ya tsaya a Partago. Yara su leƙa shanu su ta da wadda ta fara sanyi. Kai kuma ka zagaya da kanka, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa ba tare da ka danna ba. Duk za su yi ɗumi, amma wadda ta fi 'yan uwanta zafi, ko take warin ƙonannen giris, ita ce za a kwance. In an canza taya a ranar, a sake bin notocinta da sifana a nan, domin noti yana saki a farkon tafiya bayan an ɗaure shi.